Yadda za ka gina manhaja ta tashi a tsohuwar kwamfutar abokin cinikinka: jagora kan glibc da danginta

Lokacin girbin shinkafar rani na rubuta wa wani mai sayen shanshera a wajen Yawuri ƙaramar manhaja da harshen C. Aikinta ta karanta nauyin buhu daga sikeli, ta lissafa kuɗi, ta buga rasit. A kan kwamfutata a Birnin Kebbi ta yi aiki sumul. Na tura wa yaron shagon ta WhatsApp da dare, da safe sai ga kiransa: "Malam, wanga abu ya ƙi tashi, ga manoma nan sun yi layi." Ya ɗauko mini hoton allon, ga abin da ke jiki:

`./sikeli: /lib/x86_64-linux-gnu/libc.so.6: version 'GLIBC_2.34' not found (required by ./sikeli)`

Lissafina daidai yake, sikelin ma lafiyarsa lau. Kuskurena shi ne na gina manhajar a kan Ubuntu 22.04, alhali kwamfutar shagon Ubuntu 18.04 ke kanta. Na yanka riga ban auna mai ita ba. Duk wanda ke rubuta manhaja a nan yankin zai gamu da wannan ko ba jima ko ba daɗe, domin mu masu rubutawa muna son sabon abu, su kuwa shaguna da makarantu da ɗakunan shan magani kwamfutocin gwanjo suke saye, kuma idan abu yana aiki ba mai taɓa shi.

Mene ne laburaren C, kuma me ya sa yake ƙin baƙo

Manhajarka ba ta magana da zuciyar Linux (kernel, ɓangaren da ke sarrafa na'urar) kai tsaye. Idan za ta buɗe fayil, ko ta nemi wurin ajiya, ko ta duba lokaci, akwai dillali a tsakani, shi ne laburaren C. A yawancin rabe-raben Linux sunansa glibc, na ƙungiyar GNU, wanda Roland McGrath ya fara rubutawa a ƙarshen shekarun 1980. Ko da Python ko Node kake rubutu, injin da ke ƙarƙashinsu a kan wannan dillalin ya jingina.

Tun daga siga ta 2.1 a shekarar 1999, kowane aiki da ke cikin glibc yana ɗauke da hatimin sigar da ya fito a cikinta. Idan masu laburaren suka sauya halin wani aiki, ba sa jefar da tsohon. Sai su ajiye shi da tsohon hatiminsa, su ƙara sabo kusa da shi. Lokacin da kake gina manhaja, mahaɗin (linker, wanda ke haɗa manhajar da laburare) yana zaɓar hatimi mafi sabunta da ya tarar a kwamfutarka, ya rubuta shi cikin fayil ɗin. To ka ga inda gizo ke saƙar: sabon glibc ya san duk tsofaffin hatimai, don haka tsohuwar manhaja tana tashi a sabuwar kwamfuta. Tsohon glibc kuwa bai taɓa jin labarin hatimin da aka ƙirƙira bayansa ba. Hanyar ɗaya ce, ba ta komowa. Duk sauran abin da zan faɗa daga wannan ya tsiro: a kan mafi tsufan kwamfutar da za ka yi wa hidima ake gini.

Mataki na 1: auna kwamfutocin kafin ka rubuta komai

Ka je da kanka, ko ka sa wanda ke wurin ya buga waɗannan ya turo maka hoto:

`getconf GNU_LIBC_VERSION`
`uname -m`
`uname -r`
`cat /etc/os-release`
`lscpu`

Na farko zai faɗa maka sigar glibc, na biyu irin firosesa (x86_64, i686, aarch64 ko armv7l), na uku sigar zuciyar Linux. Idan na farkon ya ƙi amsawa, mai yiwuwa ba glibc ba ne a wurin, za mu zo kansa.

Yana da kyau ka haddace waɗannan lambobi, domin da jin sunan babbar manhajar ka san da wa kake magana. Ubuntu 16.04 tana da 2.23, 18.04 tana da 2.27, 20.04 tana da 2.31, 22.04 tana da 2.35, 24.04 kuma 2.39. A ɓangaren Debian, ta 10 tana da 2.28, ta 11 2.31, ta 12 2.36, ta 13 2.41. Dangin Red Hat: CentOS 7 tana da 2.17, siga ta 8 2.28, ta 9 2.34. Abin lura shi ne lambar ba ta motsi a tsawon rayuwar babbar manhajar. Ko ka yi `apt upgrade` sau ɗari a Ubuntu 18.04, gyaran tsaro kawai za ka samu, glibc yana nan a 2.27.

Rubuta mafi ƙanƙantar lamba da ka samu. Ita ce iyakarka.

Mataki na 2: tambayi manhajarka abin da take buƙata

`objdump -T sikeli | grep -o 'GLIBC_[0-9.]*' | sort -Vu | tail -1`

Wannan layin zai fito maka da hatimi mafi girma da fayil ɗin ke nema. Idan ya haura iyakarka, kada ma ka wahalar da kanka da turawa. Don ka ga wane aiki ne ya jawo, sai ka ce `objdump -T sikeli | grep GLIBC_2.34`.

A nawa, mai laifin `__libc_start_main` ne, aikin da ban taɓa kira da hannuna ba. Shi ke tayar da kowace manhaja kafin a kai ga `main`. A watan Agustan 2021 glibc 2.34 ya haɗe libpthread da libdl cikin babban laburaren, ya kuma ba wannan aikin sabon hatimi. Sakamakon haka, ko manhajar da ba ta yin komai sai gaisuwa, muddin an gina ta a kan 2.34 ko sama, ba za ta tashi a ƙasa da haka ba. Shi ya sa wannan lamba ta fi kowace yawan fitowa a saƙonnin kuskure. Akwai 'yan uwanta biyu da za ka riƙa gani: 2.33, wadda `stat` da `fstat` ke jawowa, da 2.38, wadda ke zuwa ta sunaye irin `__isoc23_strtol` idan ka gina a Ubuntu 24.04.

Ka ƙara da `file sikeli` da `readelf -l sikeli | grep interpreter`. Za su nuna maka irin firosesan da aka gina domin shi, da hanyar fayil ɗin da ke loda manhajar, misali `/lib64/ld-linux-x86-64.so.2`. Mutane sun saba da `ldd`, kuma yana da amfani, sai dai kada ka gwada shi a kan fayil ɗin da ba ka san asalinsa ba, domin yana iya tayar da shi.

Mataki na 3: koyi karanta saƙon kuskure

Ba kowane ƙin tashi ne matsalar siga ba, kuma magani ya danganta da cutar.

Idan ka ga `GLIBCXX_3.4.30 not found`, sunan ya yi kama amma ba glibc ba ne. Wannan libstdc++ ne, laburaren C++ da ke zuwa tare da GCC, maginin manhaja na GNU. Maganinsa mai sauƙi: ƙara `-static-libstdc++ -static-libgcc` wajen gini, sai manhajar ta ɗauki nata ta tafi da shi.

Idan ka ga `Exec format error`, firosesan ne ya bambanta. Ka gina wa x86_64 ka kai wa Raspberry Pi, ko ka kai mai bit 64 kan tsari mai bit 32.

Wanda ya fi rikita mutane shi ne `No such file or directory` alhali ga fayil ɗin nan kana kallonsa. Ba manhajarka ce ta ɓata ba, mai loda ta ne babu. Yana faruwa idan ka kai fayil ɗin glibc kan Alpine Linux, wadda ke amfani da wani laburare daban mai suna musl, ko ka kai fayil mai 32 kan tsari mai 64 da ba a saka masa laburaren 32 ba. Na san wanda ya kwana yana sauya sunan fayil da izininsa kan wannan saƙo.

`Illegal instruction` kuma maganar tsufan firosesa ce, tana mataki na 6.

Mataki na 4: gina a cikin tsohon gida

Ba sai ka sauke tsohuwar Ubuntu a kan kwamfutarka ba. Kontena ta Docker ko Podman, wato keɓaɓɓen wuri da ke gudanar da wata Linux a cikin taka, ta wadatar:

`docker run --rm -it -v "$PWD":/aiki -w /aiki ubuntu:18.04 bash`
`apt update && apt install -y build-essential`
`gcc -O2 -o sikeli sikeli.c`

Fayil ɗin da ya fito ba zai nemi abin da ya wuce 2.27 ba, kuma zai tashi a 18.04 da duk abin da ya biyo bayanta. Haka na warware matsalar Yawuri kafin azahar.

Sai dai tsohon gida da tsohon kayan aiki yake zuwa. GCC ɗin Ubuntu 18.04 siga ta 7 ce, idan ka rubuta da sabon salon C++ ba za ta gane ba. A nan nake aron kayan mutanen Python. Sun daɗe suna fama da wannan matsala, har suka shirya kontenoni masu tsohon glibc da sabon GCC: `quay.io/pypa/manylinux2014_x86_64`, wadda aka ɗora a kan CentOS 7 mai 2.17, da `manylinux_2_28_x86_64` a kan AlmaLinux 8. Ba dole sai kana rubuta Python za ka yi amfani da su ba. Amma ka duba lamba da kyau: 2.28 ta ɗara 2.27 da taki ɗaya, don haka idan Ubuntu 18.04 ce iyakarka, ta 2014 ɗin ce taka. Wannan taki ɗayan ne ya sa Node.js 18 ba ya tashi a Ubuntu 18.04 da CentOS 7, domin 2.28 yake nema. Idan `pip` ya fara ƙoƙarin gina laburare daga tushe a tsohuwar kwamfuta maimakon ya sauke shiryayye, sau da yawa dalilin ke nan, babu fakitin da ya dace da glibc ɗinta.

Maganar data: waɗannan kontenoni suna da nauyi, ɗaruruwan megabayit ne. Ka sauke sau ɗaya inda intanet ke da ƙarfi, ka saka kayan ginin a ciki, ka adana da `docker commit`, sannan `docker save -o magini.tar` ka zuba a filashi. Abokin aikinka a Argungu ko Aliero `docker load -i magini.tar` kawai zai yi, ba tare da ya ƙona ko kobo ba.

Akwai gajeriyar hanya da nake ƙara so kullum, wato Zig. Ko ba ka rubutu da harshen, maginin C da ke cikinsa yana karɓar sigar glibc a matsayin umarni:

`zig cc -target x86_64-linux-gnu.2.17 -O2 -o sikeli sikeli.c`

Ga ƙaramar manhaja da ba ta dogara da wasu laburare ba, babu abin da ya kai wannan sauƙi. Idan kuwa tana buƙatar GTK ko OpenSSL na tsarin, koma kontena, domin su ma sai sun dace da tsohon gidan.

Mataki na 5: ko ka sa ta ɗauki guzurinta

Wata dabarar ita ce a dunƙule laburaren cikin manhajar, ta yadda ba ta neman komai a masauki. Da glibc wannan rabin magani ne. Za ka iya cewa `-static`, amma idan manhajar tana neman adireshin intanet da `getaddrinfo` ko tana duba sunayen masu amfani, mahaɗin zai gargaɗe ka cewa har yanzu za ta buƙaci glibc irin wanda aka gina ta da shi lokacin aiki. Ga kuma sharuɗɗan LGPL, lasisin glibc, idan manhajar sayarwa ce kuma ba ka ba da tushenta.

Musl, wanda Rich Felker ya fitar a 2011 kuma yake ƙarƙashin lasisin MIT, an tsara shi da wannan aikin a zuciya. A Ubuntu ka saka `musl-tools`, ka ce `musl-gcc -static -o sikeli sikeli.c`. A Rust ka zaɓi `x86_64-unknown-linux-musl`. A Go ma ba ka buƙatar ko ɗaya, `CGO_ENABLED=0 go build` ya isa, sai dai idan kana amfani da abin da ke jingine da C, kamar sanannen direban SQLite.

Guzuri yana da nauyinsa. Manhajar da aka dunƙule da musl ba ta iya loda wani laburare da `dlopen`, don haka manhaja mai tagogi da maɓallai ba ta shiga nan. Wurin da musl ke ware wa kowane zaren aiki kilobayit 128 ne, inda glibc ya saba ba da megabayit 8, sai ka ga manhajar da ke lafiya ta faɗi ba dalili. Sannan idan aka gano ɓaraka ta tsaro a laburaren, sabunta kwamfutar ba zai gyara taka ba, sai ka sake gini ka sake rabawa. Ni dai ra'ayina: ƙananan kayan aiki na layin umarni da na saba (server), musl, duk abin da ke da fuska ko firinta, tsohon glibc a kontena.

Mataki na 6: tsufan firosesa

Kada ka taɓa sa `-march=native` a abin da za ka raba. Ma'anarsa a yi amfani da duk dabarun firosesan da ke gabanka, kuma kwamfutar shagon ba ta da su. An kasa x86_64 matakai: v2 yana buƙatar SSE4.2 da POPCNT, waɗanda Intel ta kawo da zuriyar Nehalem a 2008. V3 yana buƙatar AVX2, daga Haswell ta 2013. Core 2 Duo, da har yanzu ake samu a wasu shagunan buga takardu, ba ta kai v2 ba. Idan ka yi ƙoƙarin ɗora mata Rocky Linux 9 ko kontenar da aka gina a kansa, glibc da kansa zai tsayar da kai da `CPU does not support x86-64-v2`. Debian da Ubuntu na yau da kullum ba su sa wannan sharaɗi ba, don haka su nake ɗora wa irin waɗannan.

Masu bit 32 irin i686 kuwa ƙofa na rufewa. Ubuntu ta daina cikakken tallafinsu tun 19.10, Debian 12 ce ta ƙarshe da za ka iya sakawa a kansu kamar yadda aka saba. Idan dole ka gina wa mai 32, har da ƙananan allunan ARM, ka tuna agogonsu zai cika ranar 19 ga Janairu 2038. Daga glibc 2.34 ana kauce wa haka da `-D_TIME_BITS=64 -D_FILE_OFFSET_BITS=64`. Manhajar da ke lissafin wa'adin bashi ko fansho tana iya isa wannan rana tun yau.

Mataki na 7: abin da ba a yi

Idan ka nemi saƙon kuskuren a intanet, za ka ga masu cewa ka sauko da sabon `libc.so.6` ka ɗora a kan tsohon. Kada ka kuskura. `ls` da `cp` da `sudo` da `apt` duk a kansa suke tsaye, kuma dole ya dace da mai lodawa na sigarsa. Da zarar ka sauya shi, ba ka da ko umarnin da za ka mayar da shi, sai ka tayar da kwamfutar daga filashi. Ƙara ma'ajiyar sabuwar Ubuntu cikin tsohuwa don ka jawo glibc kaɗai ma hanyar ɓata tsarin ce a hankali. Idan lallai sabon glibc ake so, a ɗaga babbar manhajar gaba ɗaya. Gaskiya ma ya kamata ka gaya wa mai shagon haka: tallafin kyauta na yau da kullum na 18.04 ya ƙare a 2023, na 20.04 a 2025. Amma ba ranar da manoma suka yi layi ake wannan aikin ba.

Mataki na 8: haruffanmu masu lanƙwasa

Wannan ba kasafai littattafan waje ke kula da shi ba, mu kuwa ya shafe mu. Jera sunaye bisa haruffa aikin laburaren C ne. Idan manhajarka ba ta kira `setlocale` ba, ko kuma da musl ka gina ta, wanda `strcoll` ɗinsa lambobin haruffa kawai yake kwatantawa, to Ɗanjuma da Ƙasimu za su koma can bayan Zainab a jerin. Glibc yana da tsarin harshe mai suna `ha_NG`. Duba da `locale -a`, idan babu ka ƙirƙira da `sudo locale-gen ha_NG`. Kada ka ɗauka yana nan a kwamfutar abokin ciniki don yana taka.

Mafi haɗari shi ne wannan: a siga ta 2.28 glibc ya sabunta ƙa'idojin jera haruffa gaba ɗaya. PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, da waɗannan ƙa'idoji yake gina fihirisar rubutu. Idan ka ɗaga saba daga Ubuntu 18.04 zuwa 20.04 ka bar fayilolin bayanan yadda suke, ka tsallaka wannan iyaka, kuma fihirisar na iya daina dacewa ba tare da wani saƙon kuskure ba. Sai a nemi sunan manomi a ce babu shi alhali yana ciki. Ka yi `REINDEX` bayan ɗagawar, ko ka fitar da bayanan da `pg_dump` ka sake zuba su.

Windows da Android a taƙaice

Cutar ɗaya ce, suna ne ya bambanta. A Windows za ka ga ana kukan `VCRUNTIME140.dll` ko `MSVCP140.dll`, ka haɗa fakitin Visual C++ Redistributable na Microsoft cikin mai saka manhajarka, ko ka gina da `/MT`. Kada ka sauko da fayil ɗin DLL ɗaya daga shafin da ba ka sani ba. Ga masu Windows 7, Python 3.8 da Go 1.20 ne na ƙarshe da ke tashi a kanta. Android kuma laburarenta Bionic ne, fayil ɗin glibc ba ya aiki kai tsaye a can ko da cikin Termux, manhajar layin umarni ta waya. Da NDK, kayan ginin C na Android, ake gini, `minSdkVersion` ce iyakarka, kuma ka fitar da `armeabi-v7a` tare da `arm64-v8a`, domin ƙananan wayoyi masu araha da yawa tsarin 32 suke gudu.

Mataki na 9: gwaji kafin turawa

Tayar da manhajar a kontena mai tsabta ta tsohuwar sigar, wadda ba a saka mata kayan gini ba, domin nan ne laburaren da ka manta zai bayyana. Ka sani kontena da zuciyar Linux da firosesan kwamfutarka take aiki, don haka ba ta gwada waɗannan biyun. Don firosesa akwai `qemu-x86_64 -cpu core2duo ./sikeli`. Don zuciyar, sai VirtualBox da ainihin tsohuwar Ubuntu, ko ka ajiye tsohuwar kwamfuta ɗaya a ƙarƙashin tebur. Tawa Dell ce da batirinta ya mutu tuntuni, aikinta ke nan.

Daga ƙarshe na sa layin `objdump` na mataki na 2 cikin fayil ɗin `Makefile`, yana kwatanta amsar da 2.27, idan ta haura ginin ya tsaya da kuskure. A takardar da nake ba kowane mai shago kuma akwai layi ɗaya a sama: x86_64, glibc 2.27 ko sama, sai umarnin `getconf` da yaron shago zai buga ya karanto mini ta waya kafin in tura komai.